Yariman Farisa: Tarihin Gem Ɗin Da Ya Taso Daga Amurka Ya Iske Mu A Lakwaya

Sarki ya ɗaura yaƙi ya fita, ya bar gari amana a hannun Waziri. Ko ƙurar dawakai ba ta kwanta ba, Waziri ya fara shirin haye gadon sarauta. Duk wanda ya yi karatun Hausa a makaranta, a Gwarzo ne ko a Kabo, da jin haka zai ce ai Magana Jari Ce ce, littafin Abubakar Imam na 1937, inda Sarki Abdurrahman ya tafi fagen fama ya bar ɗansa Musa da aku, Waziri kuwa yana ta ƙulle-ƙulle. Ya yi gaskiya. Sai dai da irin wannan mafari ne wani gem na kwamfuta ya buɗe a Amurka a watan Oktoba na 1989, mai suna Prince of Persia, wato Yariman Farisa. Fiye da shekara 35 ke nan ana sake masa riga, kuma samarin ƙasar nan da yawa sun buga shi ba tare da sun san inda aka haife shi ba.

A cikin gem ɗin, Waziri Jaffar ya kulle Gimbiya a saman benen fada, ya ajiye agogon yashi a gabanta, ya ba ta sa'a guda: ko ta aure shi, ko ta baƙunci lahira. Saurayin da take so, wani baƙo da ba a ko faɗi sunansa ba, an jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Sa'ar nan kuwa ta gaske ce. Minti 60 ake ba mai bugawa ya ratsa siteji 12. In ya mutu a mayar da shi farkon sitejin da yake, amma agogo ba ya komawa baya.

Kusan mutum ɗaya ne ya yi aikin, Jordan Mechner, haifaffen New York a 1964. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Yale ya fitar da wani gem na kareti mai suna Karateka a 1984, kamfanin Brøderbund ya sayar masa da shi, ya kuwa karɓu. Da ya gama jami'a sai ya shiga wannan sabon aiki, ya shafe kusan shekara huɗu a kansa. Ya sa ƙanensa David ya saka fararen kaya, ya riƙa gudu da tsalle da hawan katanga, shi kuwa yana ɗaukarsa da kyamarar bidiyo. Daga nan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zana su a cikin kwamfuta. Faɗan takobi ya kwaikwayo shi daga wani tsohon fim na Robin Hood na 1938. Kiɗan kuma mahaifinsu Francis ne ya tsara.

Wannan haƙuri nasa shi ya bambanta Yarima da su Mario, wanda ya riga shi yin suna tun 1985. Mario yana tsalle ya ninka tsawonsa, ya dira a kan maƙiyi ya wuce abinsa. Yarima yana da nauyin jiki irin na ɗan'adam. In ya sheƙo da gudu ka saki madanni, ba nan take zai tsaya ba, sai ya ɗan zame. In ya tsallaka rami bai kai ba, yakan cafki bakin ginin da 'yan yatsu, ya yi reto, sannan ya ja jikinsa sama da ƙyar. Akwai dakalin da ke rawa kafin ya rufta, akwai tsinin ƙarafa da ke ɓullowa daga ƙasa, akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke datse mutum gida biyu. Ka taka wani dutse ƙofa ta buɗe can nesa, ta fara saukowa a hankali, kai kuma tsakaninka da ita ramuka uku. Wanda ya taɓa bugawa ya san yadda tafin hannu ke jiƙewa a wannan wuri.

Abin da ya fi burge ni a tarihin gem ɗin baki ɗaya talauci ne ya haife shi. Kwamfutar Apple II da aka yi shi dominta ma'ajiyarta kilobait 128 ce kacal, hoto guda na wayar yau ya fi ta. Motsin Yarima ya cinye wurin, babu inda za a sa abokin gaba. Abokiyar aikinsa Tomi Pierce ta yi ta matsa masa cewa gem ba ya daɗi sai da faɗa. Dabarar da ya samu ita ce ya juya hoton Yarima ya zama baƙi, ba tare da ya zana sabon mutum ba. Haka aka samu Inuwa. A siteji na 4 Yarima ya faɗa ta cikin wani madubin tsafi, inuwarsa ta fice ta kama gabanta, ta dawo tana shanye masa magani, tana rufe masa ƙofa. Da suka haɗu a siteji na 12, duk saran da ka kai mata kai ma sai jininka ya ragu, in ka kashe ta ka kashe kanka. Mafita ɗaya ce: ka mayar da takobi kube, ka tunkare ta, ku koma mutum guda. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa yaƙi da son zuciya ba da ƙarfin damtse ake cin sa ba, ga shi wani saurayi ya faɗi haka ba tare da ya rubuta kalma ko ɗaya ba.

Sunan Wazirin kuwa yana mini ciwo. Ja'afaru ɗan Yahaya al-Barmaki mutum ne na tarihi, wazirin Halifa Haruna Rashidu a Bagadaza, wanda aka kashe a shekarar 803 bisa umarnin Halifan. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya fitar da Hausarsa a 1924, shi ne amintaccen da ke raka Halifa yawon dare don a ga halin da talakawa ke ciki. Masu fim na Ingila ne suka mai da shi mugu a The Thief of Bagdad na 1940, gem ɗin nan ya bi sahunsu, Aladdin na Disney ya ƙarasa shi a 1992. Yau yaro Bahaushe in ya ji Jafar, mugun matsafi ke faɗo masa a rai. Ita ma Farisar da ke cikin gem ɗin ba Iran ta tarihi ba ce. Gabas ce kamar yadda Bature ya yi mafarkinta, an haɗa Bagadaza da Indiya da Farisa wuri guda.

Da farko kasuwa ta ƙi, domin lokacin Apple II ta fara zama tsohon yayi. Sai da aka mayar da shi kan sauran kwamfutoci a 1990, ya bazu Japan da Turai, ya hau na'urorin Nintendo da Sega, sannan ya yi suna. Kafin 1999 an sayar da kwafi kusan miliyan 2. Kashi na biyu, The Shadow and the Flame, ya fito a 1993. Na 1999, Prince of Persia 3D, bai yi armashi ba, har aka fara cewa Yarima ya mutu.

Kamfanin Ubisoft na Faransa ya mallaki sunan a 2001, ya miƙa aikin ga reshensa na Montreal a Kanada, aka kuma kira Mechner ya rubuta labarin. A 2003 The Sands of Time ya fito. Yarima ya samu wata wuƙa mai riƙe da yashin lokaci: in ka faɗa rami sai ka danna, komai ya koma baya 'yan daƙiƙu, ka gyara kuskurenka, muddin da sauran yashi a wuƙar. Aka ƙara masa gudu a jikin bango da lilo a kan sanduna, aka haɗa shi da Farah, 'yar wani sarkin Indiya mai harbi da kwari da baka. Wani abin da ya kamata mai son adabi ya lura da shi shi ne, duk wasan labari ne Yarima ke bayarwa da bakinsa. In ka mutu sai ka ji muryarsa yana cewa ba haka aka yi ba, bari ya sake faɗa. Dabarar Shaharuzada ta Dare Dubu da Ɗaya ke nan, dabarar akun Imam ke nan: mai labari ne ke riƙe da lokaci.

A wannan zango ne Yarima ya iso mana. Lakwaya, ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, ba ta da alaƙa da Apple II, kuma ko a birnin Kano a 1989 kwamfuta sai jami'a da banki da manyan ofisoshi. Wayar salula ce ta buɗe hanya, bayan zuwanta Nijeriya a 2001. Kamfanin Gameloft, wanda ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa Ubisoft ya assasa, ya riƙa ƙera ƙananan Yariman Farisa don wayoyi masu madannai. A cikinsu an koma salon asali na 1989, daga hagu zuwa dama. Mai ɗan data ya sauko da shi daga Waptrick, marar shi ya je shagon caji, wurin mai tura waƙoƙi da finafinai a memori, ya ce a sa masa gem. Daga nan kuma bulutut ya raba wa kowa. Lamba 4 baya, 6 gaba, 2 tsalle, 5 sara. Na sha ganin Nokia da lambar 5 ɗinta ta goge fes, sauran kuwa suna nan da rubutunsu.

Hanya ta biyu ita ce gidan gem: talabijin, PlayStation 2, benci, janareta tana ruri a waje. A can ƙwallo ce sarauniya, kuma dalilin a fili yake. Mutum biyu ke bugawa, minti kaɗan an tashi, wasu su biya su zauna. Gem ɗin mishan irin Yarima mutum ɗaya ke riƙe da shi tsawon lokaci, sauran sai kallo da ba da shawara, don haka mai shago ba ya ɗokin sa shi sai kasuwa ta lafa. Amma in an sa, ɗakin kan koma majalisa. Turancin da ake yi a ciki ba kowa ke ji ba, ba a kuma damu ba. Ga akto, ga bos, ga yarinya, yadda aka saba a fim ɗin Indiya. Ga sarki, ga mugun waziri, ga aljanu, yadda aka saba ji tun a ɗakin kaka. Wanda ya gano yadda ake wuce wani tarko ya zama malami, wanda ya cinye gem ɗin kuwa a daɗe ana labarinsa.

Iyaye sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja. An yi yaran da aka aika cefane suka ƙare a gidan gem, an yi waɗanda suka tsallake Islamiyya, da damina kuma gona ba ta jiran kowa. Shi kansa kamfanin Ubisoft ya ƙara musu hujja a 2004, da ya fitar da Warrior Within. Aka mai da Yarima mai zafin kai da baƙar magana, aka cika jini, aka sa mata da shigar banza, aka maye gurbin kiɗan gabas da na hayaniya. Mechner ya fito fili ya ce abin bai kwanta masa ba, ni ma ina tare da shi. The Two Thrones na 2005, wanda aka kafa a Babila, ya ɗan gyara ɓarnar, ya kuma dawo da tsohon zancen Yarima da baƙin rabinsa.

Daga nan ɗa ya danne uba. Wani sabon Yariman Farisa da ake shiryawa a Montreal ya rikiɗe ya zama Assassin's Creed a 2007, ya kawo kuɗin da Yarima bai taɓa kawowa ba, hankalin kamfani ya koma can. An fitar da wani a 2008, wani a 2010, shekarar da Disney ta saki fim ɗinsa da aka ɗauka a Maroko. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 330, ya kuma sha suka saboda an ba Jake Gyllenhaal, Ba'amurke farar fata, matsayin ɗan sarkin Farisa. Sai shiru. A 2012 mahaifin Mechner ya tsinci tsofaffin faifan da ke ɗauke da asalin rubutun gem ɗin 1989 a cikin wani kwali, ɗan ya sa a intanet kyauta don masu koyo.

Sai a Janairun 2024 babban sabon kashi ya fito, The Lost Crown, daga reshen Ubisoft na Montpellier. Jarumin wani mayaƙi ne, Sargon, da ya tafi ceto Yarima Ghassan a Dutsen Ƙaf, dutsen da almajiran ƙasar Hausa suka sani a littattafai tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. A wannan karon an nemi tatsuniyoyin Farisa na ainihi, irin su tsuntsuwar Simurgh, har aka ɗauki muryoyin da harshen Farisanci. Masu sharhi sun yaba, amma ciniki bai kai yadda kamfani ya so ba, kafin ƙarshen shekarar aka rarraba ma'aikatan zuwa wasu ayyuka. A watan Afrilun 2025 aka saki na wayar Android da iPhone. Wannan ya fi ƙarfin bulutut da memorin shagon caji, yana son waya mai ƙarfi irin wadda ake zuwa nema Farm Centre a Kano, da data mai yawa kafin a sauko da shi.