Ƙofofi Uku Kafin Akwatin Zaɓe: Wakilcin Marasa Addini da Maguzawa a Kudancin Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa ba a ganin waɗanda ke wajen Musulunci da Kiristanci a kujerun zaɓe, ta ɗauki yankin Basirka, Gwaram da Birnin Kudu a matsayin ma'auni. Ta dogara da Kundin Tsarin Mulki na 1999, tarihin ƙidaya da hukunce-hukuncen kotu. Abin da ta gano shi ne doka ba ta hana su takara ba. Rashin ƙidaya, tikitin jam'iyya da tsadar bayyana kai ne ke tare hanya.

Gabatarwa

Basirka gari ne a ƙaramar hukumar Gwaram, cikin masarautar Dutse, dab da iyakar Bauchi. Yankin ba baƙo ba ne a siyasa: Birnin Kudu ta ba Jigawa gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992 da Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015. Musulmi ne mafiya rinjaye nesa ba kusa ba, amma ƙasar tana da Warjawa da tarihinsu ya haɗa da addinin gargajiya, kamar yadda ƙasar Kano da Katsina ke da Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya wallafa nazari a kansu a 1946.

Wajibi ne a raba rukuni biyu. Bamaguje yana da addininsa da tsafinsa; wanda ya ce ba ya bin kowane addini daban ne. Abin da ya haɗa su shi ne lissafin siyasar Nijeriya gida biyu kawai ya sani. Taƙaddamar tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Shettima a 2023 ta nuna haka: an yi ta jayayya kan masallaci da coci, ba wanda ya kawo zancen na uku.

Matsayin doka

Sashe na 10 na Kundin ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sashe na 38 ya ba da 'yancin tunani da na addini, har da sauya shi, sashe na 42 kuma ya haramta nuna bambanci. Sharuɗɗan shiga majalisar jiha a sashe na 106 huɗu ne: zama ɗan ƙasa, shekaru, karatun sakandare, da tsayawa a inuwar jam'iyya. Gyaran 2018 ya sauko da shekarun daga 30 zuwa 25. Babu addini a ciki. Rantsuwar kama aiki tana ƙarewa da neman taimakon Allah, amma Dokar Rantsuwa ta 1963 ta yarda mutum ya yi alkawari a maimakonta.

Ƙofa ta farko: ƙidaya

Ƙidayar 1963 ta nuna kusan kashi 18 cikin 100 na 'yan Nijeriya ba Musulmi ba ne ba Kirista ba, galibinsu masu addinin gargajiya. A ƙidayar 1991 da ta 2006 an cire tambayar addini don gudun rigima. An samu sauƙin rigimar, amma ƙananan rukunoni sun ɓace daga takarda. Ɗan siyasa da yawan ƙuri'a yake ciniki; jama'ar da ba ta da adadi ba ta da abin ɗorawa a faifai ranar rabon muƙamai.

Ƙofa ta biyu: jam'iyya

Kundin bai yarda da ɗan takarar indifenda ba. Mai son zama kansila a Basirka, ko ɗaya daga cikin 'yan majalisar Jigawa 30, sai jam'iyya ta tsayar da shi, kuma sau da yawa ta hanyar maslaha ake fitar da ɗan takara tun kafin zaɓen fid da gwani. Dattawan mazaɓa, 'yan kasuwa masu ɗaukar nauyi da malamai duk suna da ta cewa. Tambayarsu guda ce: zai kawo akwatinsa?

Tsarin zaɓen ma ba ya taimakawa. Kujera ɗaya ce a kowace mazaɓa, mai rinjaye ya kwashe. Maguzawa kuwa bisa al'ada a warwatse suke zama, gida-gida a bakin gonaki, saboda haka da wuya su rinjayi ko da gunduma guda. Marasa addini sun fi su watsuwa, yawancinsu a birane da intanet.

Ƙofa ta uku: bayyana kai

Jigawa na cikin jihohi 11 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci bayan Zamfara, ita a 2000. Dokokin ba su taɓa sharuɗɗan takara ba, amma sun ƙara wa addini nauyi a idon mai zaɓe. Shari'ar Mubarak Bala, shugaban ƙungiyar masu aƙidar ɗan'adamtaka ta Nijeriya a lokacin, ta nuna girman kasadar. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 bayan ya amsa laifi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da su biyar a 2024. Bai tsaya takara ba, amma duk mai tunanin tsayawa ya ga abin da ya faru.

Abin da aka gani a waje

Ingila ta sha irin wannan. Mutanen Northampton sun zaɓi Charles Bradlaugh, marar addini, a 1880, majalisa ta hana shi zama saboda rantsuwa har 1886, sannan dokar 1888 ta halatta alkawari. A Amurka, Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin addini ga muƙaman jihohi a 1961, amma sai 2007 aka samu ɗan majalisar tarayya, Pete Stark, da ya fito ya ce bai yi imani da ubangiji ba. Shekara 46 ke nan tsakanin biyun. Ko yanzu da cibiyar Pew ke ƙiyasta marasa addini da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na manyan Amurkawa, 'yan ƙalilan ne a majalisarsu.

Kammalawa

Bayanan sun nuna gyaran doka kaɗai ba ya kawo kujera. A kudancin Jigawa matakin da ya fi kusa shi ne na ƙaramar hukuma: sashe na 14(4) ya wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi la'akari da bambancin jama'arsu wajen naɗe-naɗe, kuma ana iya amfani da shi a muƙaman kansilolin naɗi da kwamitocin gunduma. Halatta takarar indifenda zai rage ikon masu maslaha. Bincike na gaba yana buƙatar shiga ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, a tattara wa ya yi rajistar zaɓe, wa ya taɓa neman tikiti, kuma a wane mataki aka tsayar da shi.