Alƙalami Biyu a Shafi Guda: Nazarin Haɗin Guiwar Marubuta Waƙoƙi da Masu Zane a Ƙungiyar Mbari da Tsangayar Nsukka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar marubuta waƙoƙi da masu zane a Nijeriya daga 1958 zuwa 1990. An bi sawun ayyukan ƙungiyar masu zane ta Zariya da ƙungiyar Mbari ta Ibadan da tsangayar Nsukka. Binciken ya gano cewa abubuwa biyu ne suka raya wannan haɗin guiwa: matattara guda mai ɗab'in littattafai, da kuma tambaya guda da ta dami ɓangarorin biyu, wato yadda za a gina sabuwar fasaha a kan gadon gargajiya.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi sukan ɗauki zanen da ke cikin littafin waƙoƙi a matsayin ado kawai, su kuma masana tarihin zane ba kasafai suke karanta baitocin da ke kusa da zanen ba. Wannan rabuwa ta ɓoye wani muhimmin babi na tarihin fasahar Nijeriya. Maƙalar ta yi amfani da hanyar nazarin tarihi, inda ta kwatanta littattafan da aka buga da rayuwar cibiyoyin da suka samar da su.

2.0 Tushe: Zariya, 1958

A shekarar 1958 wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manhajar da ake koya musu ta Ingila ce, su kuwa suka ga ba ta san da zaman fasahar iyayensu ba. A 1960 Okeke ya bayyana aƙidarsu: a riƙe dabarun da aka koya daga Turai, amma a ɗebo siffa da jigo daga gida. Ra'ayin nan shi ne ya share hanyar haɗuwarsu da marubuta, domin matasan mawaƙa na Jami'ar Ibadan su ma suna fama da irin wannan matsala: suna rubutu da Ingilishi, alhali kunnuwansu cike suke da kirari da waƙoƙin baka.

3.0 Mbari: Matattara da Maɗaba'a

An kafa ƙungiyar Mbari a Ibadan a 1961. Daga cikin jigoginta akwai Ulli Beier da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu, tare da Nwoko da Okeke. Harabarta ta ƙunshi ɗakin karatu da wurin baje kolin zane da dandalin wasan kwaikwayo, saboda haka mai rubuta waƙa yakan ga zanen abokinsa tun fenti bai bushe ba, mai zane kuma ya ji baiti kafin a buga shi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce littafin Okigbo mai suna Heavensgate, wanda Mbari ta buga a 1962 tare da zane-zanen Nwoko. Waƙoƙin sun ta'allaƙa ne ga komawar mawaƙi zuwa ga Idoto, abar bautar kogin garinsu Ojoto, bayan ya yi nisa cikin ilimin mishan. Nwoko, wanda ya fito daga Zariya da irin wannan ƙishirwa, ya san matsalar daga ciki. Don haka ya dace a karanta zanensa a matsayin sharhin farko da aka yi wa waƙoƙin.

Mbari ta kuma buɗe ƙofa ga baƙi. Ta baje kolin ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, wanda yake gina siffofinsa daga haruffan Larabci. Ga wanda ya san zayyanar allon sauka a ƙasar Hausa, ba baƙon abu ba ne rubutu ya rikiɗe ya zama zane.

4.0 Nsukka: Haɗin Guiwa Bayan Mutuwa

Yaƙin basasa ya tarwatsa Mbari, kuma an kashe Okigbo a fagen daga kusa da Nsukka a 1967. Bayan an gama yaƙi a 1970, Okeke ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Nsukka, inda ya ɗora koyarwa a kan uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki. Uli yana dogara ga siririn layi da barin fili, kamar yadda gajeren baiti yake dogara ga taƙaita kalma.

Almajirin Okeke, Obiora Udechukwu, wanda aka haifa a 1946, ya haɗa sana'o'in biyu a hannu ɗaya. Waƙoƙin Okigbo sun yi tasiri a zanensa, sannan a 1982 shi da Chinua Achebe suka tace Aka Weta, kundin waƙoƙi da harshen Ibo. A 1990 ya fitar da nasa diwanin, What the Madman Said. A nan alƙiblar tasirin ta sauya: da, zane ne yake raka waƙa cikin littafi, yanzu kuwa waƙa ce take haifar da zane, mai zanen kuma ya zama mawaƙi.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa baiwa ita kaɗai ba ta isa ta haɗa mawaƙi da mai zane ba. Sai da aka sami wurin zama da maɗaba'a da manufa ɗaya. Da cibiyar ta rushe, ajin jami'a ne ya ɗauki nauyin. Saboda haka ana ba da shawarar a riƙa nazarin bugun farko na waɗannan littattafai da zanensu, domin sake bugu ba tare da zanen ba yana rage rabin shaidar. Haka kuma, akwai buƙatar a yi irin wannan bincike a kan bangwayen littattafan waƙoƙin Hausa da aka buga a Zariya, a gano su wane ne suka zana su, kuma wace alaƙa ce ke tsakaninsu da mawaƙan.