Fashe

fashḕ *aik.* ƙi-karɓau, *s. aik.* fashḕwā (*mc.*, *jam.* fàshe-fàshe).

1. Tsagewa ko tarwatsewa farat ɗaya: *tulu ya ~*, *tayar motar shanu ta ~ tsakanin Gumel da Maigatari*.

2. Tashi da ƙara da wuta, kamar bam, tukunyar gas ko fetur: *tankar mai ta ~ a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, ranar 15 ga Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka rasu*. A wannan ma'ana tashi da tarwatse na iya maye gurbinta.

3. (jiki) Buɗewa da zubar ruwa: *maruru ya ~*, *ido ya ~*.

4. (tare da *da*) Soma abu ba shiri: *ta ~ da kuka*, *suka ~ da dariya*.

5. Watsewar jama'a: *gari ya ~ saboda yunwa*.

*Dangogi:* fasā̀ *aik.* so-karɓau: *ya fasa ƙwai*, farfàshē, fàsasshē *sif. nm.*, fàsasshiyā *mc.*, fàsàssū *jam.*, fashī̀ *sn. nm.*, ƙwace da makami. Fashin baƙi, bayani.

*Lura:* kada a haɗa da fāsā̀ mai dogon wasali, wato janye niyya: *an fasa tafiya*.