Gilashin Fitilar LED Mai Sauya Haske: Hujjar Gwada Samfuri Kafin Ƙera Mazubi

Tun da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar da LED mai shuɗin haske, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2014, hankalin jama'a ya fi karkata ga ita ƙwayar fitilar. Matsayar wannan maƙala ita ce, a fitilar da ake faɗaɗa haskenta ko a tsuke shi ko a sauya masa launi, inganci ya fi rataya a kan gilashin da ke gaban ƙwayar, kuma ba ya tabbata sai an gwada samfuri.

Ƙwayar LED takan baza haske a faɗin kusan digiri 120. Ƙa'idar da masana ke kira etendue ta nuna cewa mai son tsuke wannan haske dole ya ƙara girman gilashin, in ba haka ba wani kaso ya salwanta. Ana ganin haka a tocila mai zuƙowa: idan aka nesanta gilashin da ƙwayar, hasken gefe yakan maƙale a cikin bututun, a bango kuma sai siffar ƙwayar mai kusurwa huɗu ta bayyana.

Matsalar launi ta fi wuya. Farin hasken LED gamin shuɗi ne da ruwan ɗorawa da sinadarin fosfo ke fitarwa, kuma gamin ba daidai yake ta kowace kusurwa ba. Shi ya sa zobe mai rawaya kan fito a gefe. Fitilar da ke haɗa ƙwayoyi masu launin haske na kelbin 2700 da na 6500 kuwa takan yi inuwa mai launi biyu idan ba a gauraya haskensu sosai ba, gaurayawar kuma tana cin haske.

Wasu za su ce manhajojin lissafin haske irin su Zemax da LightTools sun wadatar. Sai dai manhaja tana lissafi ne da abin da aka ba ta. Ba lallai ta san cewa ƙwayar ta goce kaɗan wajen liƙawa da dalma ba, ko robar akirilik da ake yin gilashin da ita ta motse bayan ta huce. Samfurin da aka buga da firintar 3D shi ma yana da aibi, domin layukansa na tarwatsa haske sai an goge shi. Duk da haka kuɗinsa bai kama ƙafar na mazubin ƙarfe ba, wanda gyara shi bayan an sassaƙa ke da tsada ƙwarai. Don haka wajibi ne a auna samfurin a kowane matakin sauyi, daga tsukakke zuwa faffaɗa, kafin a amince da ƙirar.