Yadda ake sarrafa ƙaramar na'urar haɗa sauti

Daga masallatan Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi zuwa wuraren walima a Tarauni da ɗakunan naɗar waƙa na titin Gidan Zoo, akwai wata ƙaramar na'ura da ke zama tsakanin makirfo da lasifika. Masu sana'ar suna kiranta mikisa. Aikinta shi ne ta karɓi sauti daga kafofi daban-daban, ta daidaita shi, sannan ta miƙa wa amfilifaya. Kukan lasifikar da ke katse tafsiri ko huɗuba, sau da yawa ba daga lalacewar na'ura yake ba, daga rashin bin tsarin maɓallanta ne.

Kowane makirfo yana da layinsa, kuma ana karanta layin ne daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda sautin ke bi.

Maɓallin farko, wanda aka rubuta wa Gain ko Trim, shi ke ƙayyade ƙarfin sautin da ke shiga. Ana murɗa shi a hankali yayin da mai magana ke magana da muryar da zai yi amfani da ita. Idan jar fitila mai suna Peak ta riƙa kamawa, ya yi yawa, sai a rage. Muryar da ta fashe a nan, babu maɓallin da zai gyara ta a ƙasa.

Daga nan sai maɓallai uku na gyaran murya. High na kula da kaifin sauti, Mid na riƙe da tsakiyar murya inda kalmomi ke fita sarai, Low kuma na kula da kauri. Ana fara ajiye su a tsakiya. Rage abin da ya yi yawa ya fi ƙara abin da ake ganin ya gaza. A masallaci mai tayil, rage Low kaɗan kan sa a ji karatu tar.

Maɓallin FX ko Echo na ƙara amsa-amo. Yana ƙawata waƙa, amma idan ya yi yawa a wa'azi, kalmomi kan hau juna. Pan kuma na karkata sauti zuwa lasifikar dama ko ta hagu.

A ƙasan layin akwai majanyin ƙara, wanda ya fi dacewa ya tsaya kusa da alamar 0. Babban majanyi, wato Main, shi ke iko da sautin duka.

Akwai kuma maɓallin da aka rubuta wa 48V a na'urorin kamfanoni irin su Yamaha da Behringer. Wuta yake tura wa makirfon sitidiyo nau'in kondensa. Makirfon hannu na yau da kullum ba ya buƙatarsa.

Wajen kunnawa, mikisa ce farko, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa kuwa, amfilifaya ce farko. Saɓa wannan kan haifar da bugun da ke iya ƙona lasifika. Haka nan idan za a koma kan janareta, a sauke Main tukuna.

Idan kuka ya tashi, makirfo ne ke sake ɗaukar sautin lasifika. A rage layin da ke kukan, a mayar da makirfon bayan lasifika, mai magana kuma ya matso da shi kusa da bakinsa.