Russell Taylor da Asalin Tiyata da Mutum-mutumi

Russell H. Taylor masanin kwamfuta ne ɗan Amurka, wanda ake yawan kira uban tiyata da mutum-mutumi. Laƙabin dai akwai ja a kansa. Tun 1985 Yik San Kwoh ya yi amfani da na'urar masana'anta mai suna PUMA wajen saita allura a ƙwaƙwalwar majiyyaci a Kalifoniya, a 1991 kuma na'urar Brian Davies ta yi yanka a jikin mutum a Landan. Inda Taylor ya yi zarra shi ne mayar da hoton cikin jiki taswirar da na'ura za ta bi sau da ƙafa.

Ya gama digirin farko a Jami'ar Johns Hopkins a 1970, na uku a Stanford a 1976, sannan ya yi shekara 19 a sashen bincike na IBM. Da na'urorin masana'anta ya fara, babu ruwansa da asibiti.

Likitoci biyu ne suka kawo wa IBM matsalar da ta sauya masa alƙibla: Howard Paul, likitan dabbobi, da William Bargar, likitan ƙashi. In za a sa wa mutum ƙugun ƙarfe, sai an rarake ƙashin cinya, kuma da guduma da wani ƙarfe mai kaushi ake yi. Ramin ba ya fita daidai, wani sa'in ma ƙashin ya tsage. Dabarar da suka ɓullo da ita tare da Taylor, wadda ta zama ROBODOC, ita ce a fara dasa ƙusoshin titaniyam uku a ƙashin, a ɗauki hoton CT, likita ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi girman ƙarfen da mazauninsa. A ɗakin tiyata na'urar takan lalubo ƙusoshin nan, ta daidaita hoton da ƙashin da aka ɗaure tam, ta sassaƙe ramin. Ƙashin na motsawa, sai ta tsaya cak. An fara da karnuka, sai mutum na farko a Nuwamba 1992 a Sakaramento.

Masu yabo sukan tsallake abin da ya biyo baya. A Jamus, inda na'urar ta fi karɓuwa, wasu majiyyata sun kai ƙara kan lahanin tsoka da ɗingishi, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ita ba sai 2008. Lokacin kuwa tuni harkar ta koma hannun wani kamfani daban.

Taylor ya koma Johns Hopkins a 1995, ya jagoranci cibiyar binciken tiyata da kwamfuta da aka kafa a 1998. A can aka ƙera Steady-Hand, inda likita da na'ura suke riƙe kayan aiki tare, ita kuma tana tace rawar hannu, musamman don aikin ido. An zaɓe shi cikin majalisar injiniyoyi ta ƙasar Amurka a 2020.