Tarihin Bin 'Yan Ƙwallo Zuwa Wasan Waje

In mutum ya zauna a bakin tashar mota ta Birnin Kudu da yamma, ana saura 'yan kwanaki a yi wani babban wasan ƙwallo a wani gari, ba ya rasa jin samari suna shawara. Wani ya ce, "Shin nawa ne kuɗin shiga fili?" Babbansu ya amsa masa, "Kai dai, ƙanena, fara tambayar kuɗin mota tukuna. Sai ka isa ƙofa a ke maganar tikiti." Wannan shawara ba yau aka fara ta ba. Tun ran da gari ya fara karawa da gari a fagen tamaula a ƙasar nan, hanya ita ce babbar wahalar mai son kallo. Bari mu koma baya mu ga yadda abin ya faro.

Turawa ne suka kawo wasan ƙwallon ƙafa Nijeriya, ya fara kama ƙasa a garuruwan bakin teku kamar Kalaba da Ikko, sa'an nan ya biyo makarantu da barikokin soja da ma'aikatan reluwe har ya iso Arewa. Da fari ko wane gari a gida ya ke wasansa, unguwa da unguwa, ma'aikata da ma'aikata. Cikin shekara ta 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Richards. 'Yan Ikko kaɗai suka yi ta a farko, daga baya aka buɗe wa sauran garuruwa ƙofa. Amma wasan ƙarshe a Ikko a ke yinsa, a filin Onikan, saboda haka duk wanda ya ke son kofi sai ya niƙi gari ya tafi can.

To, ina hanya? A wancan zamani babbar hanya ita ce jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, kuma tsakanin Kano da Ikko wajen mil 700 ne. Jirgi ya kan tashi daga Kano ya bi ta Zariya da Kaduna da Minna da Zungeru, ya ƙetare Kwara a gadar Jebba, ya ratsa Ilori da Badun da Abekuta, kana ya sauke mutane a tashar Iddo. Tafiya ce ta kwana a hanya, ga zafi, ga cunkoso, ga hayaƙin gawayi. Ɗan wasa ya kan sauka ƙafa a kumbure, alhali abokin karawarsa a ɗakinsa ya kwana.

Duk da haka, cikin 1953 'yan wasan Kano suka je Ikko suka ci wata ƙungiya mai suna Dynamos biyu da ɗaya, suka ɗauko kofi. Wannan shi ne karo na farko da kofin nan ya bar Ikko tun da aka fara gasar. Suka sake kaiwa wasan ƙarshe cikin 1954, Kalaba ta cinye su, suka kuma kai cikin 1955, Fatakwal ta cinye su. Watau shekara uku a jere sunan Kano yana cikin wasan ƙarshe, mil 700 daga gida.

Yanzu sai mu dubi mutumin Birnin Kudu na wancan lokaci. Ƙasarsa tana cikin Lardin Kano, don haka nasarar Kano tasa ce. Amma dogo bai bi ta garinsa ba. In ya yi niyyar bin 'yan wasa, sai ya fara neman babbar mota ta kai shi Kano ta kan Wudil, tafiyar wajen mil 80, na Gwaram kuwa tasa ta fi haka nisa. Sa'an nan ya yanki tikitin jirgi na zuwa da komowa, ya tanadi guzuri, ya nemi masauki wurin Hausawan Ikko, ya kuma bar gona ko sana'a mako guda. In aka tara wannan duka, kuɗin shiga fili bai kai a ambata ba. Saboda haka yawancin mutane da kunne suka yi kallo: labari ya zo bakin direbobi da fatake, ko mai karatu ya karanta musu jarida a ƙofar gida. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna cikin 1962, labarin duniya da harshen Hausa ya ƙara kusantar mutanen karkara.

Cikin 1972 aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya, inda ko wace ƙungiya za ta karɓi baƙi a gidanta, ita kuma ta kai ziyara gidan kowa. Mighty Jets ta Jos ita ta fara cinye ta, Raccah Rovers ta Kano kuwa ta ci cikin 1978. Daga nan wasan waje ya zama abin yau da kullum. A daidai wannan zamani kwalta ta yawaita, motocin haya suka cika hanya, jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya. Kuɗi ma suka sake, gama ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Mai bin ƙungiya ya bar tashar jirgi ya koma tashar mota.

Cikin 1990 aka kafa Kano Pillars, wadda a ke yi wa kirari da "Masu Gida". Kirarin nan ya dace da ita, domin daga 2003 zuwa 2015 ba wanda ya ci ta a gidanta a wasan gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan lago. Ta ci gasar cikin 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ko da ya ke an yanke Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Jigawa kuma ta sami tata ƙungiya, watau Jigawa Golden Stars, ƙaunar Pillars ba ta fita daga zukatan mutane da yawa na wannan yanki ba. Sai dai ga mutumin Birnin Kudu ko wasan gida na Kano tafiya ce, sai ya biya mota.

Hanya kuwa ba kuɗi kaɗai ta ke ci ba. Cikin Maris 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Pillars wuta kusa da Abaji, a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna tafiya Owerri wasa. 'Yan wasa biyar suka ji rauni. In wannan ya sami ƙungiya da kanta, ina ga mai kallo da ya shiga motar haya da dare?

Wasanni biyu sun isa su nuna mana bambancin nesa da kusa. Cikin 2018 Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin nan da aka fara cikin 1945, aka yi shi a Asaba, can bakin Kwara daura da Anacha. Ta ci uku, Rangers ta Inugu ta rama duka ukun, ta kuma cinye a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya je ya komo da doguwar hanya da baƙin ciki. Da shekara ta kewayo, cikin 2019, aka yi wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, inda mutum zai yi sammako daga Kano ya isa kafin azahar. Pillars ta ci Niger Tornadoes, kofi ya komo Kano bayan shekara 66.

Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi shi. Lissafin da kakanni suka yi a kan tikitin jirgi, shi jikoki suka koma yi a kan litar mai.

To, jama'a, gani ya kori ji, kuma ba laifi ba ne mutum ya bi ƙungiyarsa. Amma wanda ya iya karatu da lissafi ya kamata ya ɗauki fensir kafin ya ɗauki jaka. Ya rubuta kuɗin zuwa da na komowa, da na abinci, da na kwana, da abin da zai bari a gida, sa'an nan ya sa kuɗin ƙofa a ƙarshe. In ana da yawa, a yi karo-karo a ɗauki shatar mota guda, a tashi da safe, a guji tafiyar dare. In kuɗi bai kai ba, rediyo na nan. In kuwa baƙi suka zo filinmu, mu tuna da mil nawa suka ci kafin su iso, mu ba su wurin zama da ruwan sha, ko su suka ci ko mu muka ci, gama mako mai zuwa mu ne baƙi a garinsu.